Wasiƙun Iyayengiji da Wasiƙar Baiwa Guda



Mai girma Shugaban wannan taro, Shugaban Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai da 'yan kwamitinsa, iyayenmu malamai waɗanda Allah ya ja da ransu har suka zo suka zauna tare da mu yau, 'yan ajinmu da ƙannenmu, ina yi muku barka da zuwa, da fatan kowa ya baro gida lafiya. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, malamai da ɗalibai, amin.

Da kwamiti ya aiko mini cewa ni ne zan yi jawabin bana, sai na ce su ba ni take. Suka ce in zaɓa da kaina, muddin dai ba siyasa ba ce, kuma kada in wuce rabin sa'a. To, na zaɓi in yi magana a kan wasiƙa. Na san duk wanda ya kwana a ɗakunan kwanan makarantar nan bai manta da ranar Lahadi ba, lokacin da ake tara mu a aji a ce kowa ya rubuta wasiƙa gida. Shafi guda muke cikawa da gaisuwa, a gaida Baba, a gaida Inna, a gaida Yaya da amaryarsa, har akuyar gida wani ya taɓa gaisarwa, sa'an nan a layin ƙarshe a faɗi abin da ya sa aka ɗauki alƙalami, wato kuɗin kashewa sun ƙare. A lokacin ba wanda ya ɗauka cewa irin wannan takarda tarihi ce. Malaminmu na tarihi, ga shi can zaune, Allah ya ƙara masa lafiya, ya zana mana taswirar cinikin bayi a allo, daga Turai zuwa Afirka zuwa Amurka, muka haddace muka ci jarrabawa. Yau, Malam, ina neman izini in shiga cikin gida ɗaya tak daga gidajen da waɗannan bayi suka ƙare a ciki.

Akwai wani littafi mai suna The Children of Pride, wato 'ya'yan girman kai, an ɗauko sunan daga Littafin Ayuba na Baibul. Wani malamin jami'a, Robert Manson Myers, shi ya tsara shi, aka buga a 1972, shekara ta gaba kuma ya ci babbar kyautar littattafai ta Amurka. Na fara cin karo da shi a laburaren jami'a, kaurinsa ne ma ya ja hankalina, don ya haura shafi 1,800. Ba komai a ciki sai wasiƙun iyali guda, kimanin 1,200, waɗanda aka tsamo daga cikin dubbai, an rubuta su tsakanin 1854 da 1868. Iyalin su ne na Charles Colcock Jones, limamin coci na ɗariƙar Firesbiteriyan, mutumin gundumar Liberty a gaɓar teku ta jihar Jojiya, kudu da birnin Sabana. Sunan gundumar da harshensu yana nufin 'yanci. Ku riƙe wannan.

An haifi Jones a 1804, ya rasu a 1863. Ya auri 'yar'uwarsa Mary a 1830, auren zumunci irin namu. Suna da 'ya'ya uku: Charles ƙarami, lauya wanda ya yi karatu a Harvard har ya zama magajin garin Sabana a 1860, Joseph, likita, da Mary Sharpe wadda ta auri wani limamin. Gandayensu uku ne, Montevideo da Arcadia da Maybank, ana noman shinkafa da auduga, bayinsu kuwa sun haura ɗari.

Jama'a, in gaya muku gaskiya, wanda duk ya karanta shafi ɗari na farko sai ya ji yana son mutanen nan. Uba yana rubuta wa ɗansa nasiha a kan riƙon addini da gudun bashi da zaɓen abokai, kai ka ce mahaifin ɗayanmu ne. Uwa tana aika wa 'ya'yanta lemo da nama da tufafi, tana tambaya ko suna rufa da dare. Ɗa ba ya rubuta wa iyayensa sai da ladabi, ko da ya zama magajin gari. A 1854 zazzaɓin shawara ya afka wa Sabana, ga kuma guguwar teku da ta lalata amfanin gona a watan Satumba, wasiƙu suna ta kai da kawo, kowa yana tambayar wa ya mutu, wa ya tashi. A watan Yuli na 1861 Charles ƙarami ya rasa 'yarsa da matarsa cikin mako guda. Wasiƙun ta'aziyyar da iyayensa suka yi masa, ni dai ban iya karanta su a zama ɗaya ba.

Amma sannu a hankali mai karatu zai lura da wasu sunaye da ke giftawa a ƙarshen wasiƙa, bayan labarin ruwan sama da na dawaki. Wane ya warke, wance ta haihu, jaririn wance ya mutu, an raba wa mutane barguna. Kalmar bawa ba ta cika fitowa daga alƙalaminsu ba. Sun fi cewa barori, ko kuwa mutanenmu, kamar yadda a wasu gidajen ƙasar nan ake cewa yaran gida. Waɗannan mutane su ne suke tsaye cikin taɓo a fadamun shinkafa. Idan zafi ya shigo, zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa, iyayengiji sukan kwashe su koma Maybank inda iskar teku take kaɗawa, su bar masu fartanya a fadama. Ba banza ba kuma aka fi neman mutanen yammacin Afirka a wannan gaɓa: da yawansu sun san noman shinkafa tun daga gida.

Tsarin aikin yankin ya bambanta da na gonakin auduga na can cikin ƙasa, inda ake kora mutane garke guda daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. A gaɓar Jojiya yanka wa mutum aiki ake yi, galibi rubu'in eka na noma a yini. In ya gama, sauran yinin nasa ne. Da wannan ɗan lokaci bayi suka riƙa noman masara da kiwon kaji da aladu, wasu har da shanu da dawaki. Mun san haka tabbas, domin bayan yaƙi gwamnati ta kafa hukuma a 1871 don biyan diyyar kayan da sojoji suka kwashe, tsofaffin bayin gundumar Liberty kuwa suka zo suna lissafa dawakinsu da kekunan dokinsu, maƙwabta suna ba da shaida. Mai yanka aikin da duba shi bawa ne shi ma, abin da mu za mu kira sarkin gandu. Na Montevideo sunansa Cato. Lokacin da Jones ya yi zaman Filadelfiya daga 1850 zuwa 1853, Cato yakan faɗa a rubuta masa wasiƙa zuwa ga ubangidansa, ya ba da labarin shuka da lafiyar mutane, cikin ladabi iyaka. Sai dai ku tuna, Bature ne ke riƙe da alƙalamin, domin tun 1829 dokar Jojiya ta hana a koya wa baƙar fata karatu da rubutu.

Abin da ya fi damuna game da Jones shi ne, ya sani. Yana saurayi yana karatun addini a arewacin Amurka, a Andover da Princeton, ya rubuta wa Mary, tun tana budurwarsa, cewa bauta zalunci ce wadda ta saɓa wa dokar Allah. Har ya yi tunanin abin da zai yi da bayin da ya gada. Amma da ya komo gida, ga dangi, ga gado, ga matsayi, sai ya sami wata hanya ta kwantar da zuciyarsa. Ya ce zai ba da rayuwarsa ga koya wa bayi addini da jan kunnen iyayengiji su kyautata musu. Ya kuwa yi. Shekara da shekaru yana hawa doki daga gandu zuwa gandu yana wa'azi da dare, ya rubuta littafin tambaya da amsa da ake biya wa bayi da baki tunda ba su da izinin karatu, a 1842 kuma ya buga littafi a kan koyar da su addini. Ba munafuki ba ne irin wanda muka saba zagi. Mutum ne mai tsoron Allah gwargwadon fahimtarsa, wanda ya ga gaskiya tun da ƙuruciya, sa'an nan ya shafe sauran ransa yana gina mata katanga.

Su bayin ba su ruɗu ba. Shi da kansa ya ba da labarin ranar da ya yi musu wa'azi daga wasiƙar Bulus zuwa ga Filimon, inda aka mayar da bawan da ya gudu ga ubangijinsa. Ya ce yana cikin magana rabin jama'ar suka miƙe suka yi tafiyarsu, waɗanda suka zauna ma ba su ɓoye ɓacin ransu ba.

Akwai wani abu a littafinsa na 1842 da zai ba ku sha'awa. Ya ambaci tsofaffin bayi Musulmi da aka kawo daga Afirka, waɗanda suke sauraron wa'azinsa amma su fassara shi da addininsu na asali, su ce Ubangijin da yake faɗa ai Allah ne, sunaye ne kawai suka bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Ba shaci-faɗi yake yi ba. A tsibirin Sapelo, ba nisa da gandayensa, an yi wani bawa mai suna Bilali, mutumin Timbo ta Futa Jalon, wanda ya bar ɗan littafi mai shafi 13 da rubutun Larabci, yana nan ajiye a Jami'ar Jojiya. A tsibirin St. Simons kuma an yi Salihu Bilali, Bafillatanin Masina, mai azumi, mai karatun Alƙur'ani. Yara ne da aka ɗauke daga makarantar allo irin wadda yawancinmu muka fara da ita.

Yanzu ga labarin da ya kawo ni. Mary Jones tana da wata baiwa mai suna Phoebe, gwanar ɗinki, wadda ta yi mata hidimar cikin ɗaki shekaru masu yawa. Mijinta Cassius ɗan'uwan Cato ne. A 1856 'yarsu Jane, budurwa, ta gudu zuwa Sabana, ta sauya suna, ta riƙa aikatau tana riƙe kuɗinta har aka gano ta aka kama. Sai iyalin Jones suka yanke shawara a kan cewa wannan gida ya ishe su da fitina, a sayar da su. Wasiƙun da uba da ɗa suka yi wa juna a kan wannan ciniki suna nan a littafin. Lauyan yana Sabana yana magana da dillalai, yana aiko da farashi, wane zai yi kaza, wance tsufa ya rage mata daraja. Uban yana nanata cewa lallai a sayar da su tare, kada a raba uwa da 'ya'ya, ko da kuɗin zai ragu, domin shi mai imani ne. Mutum bakwai aka sayar, uwa da uba da 'ya'ya biyar, a kan dala dubu huɗu da ɗoriya. Amma babbar 'yar Phoebe, Clarissa, da take da aure da 'ya'ya, an bar ta a gundumar. Wato a lissafin Jones ba a raba iyali ba, a lissafin Phoebe kuwa an raba ta da 'yarta da jikokinta. Duk wannan a cikin wasiƙu guda da gaisuwa da addu'a da labarin lambu.

An shaida wa Jones cewa mai sayen zai ajiye su a gonarsa a cikin Jojiya. Ashe dillali ne. A watan Maris na 1857 sai ga wasiƙa daga Niyu Olins, babbar kasuwar bayi ta kudu, Phoebe da Cassius sun sami wanda ya rubuta musu. Ba Jones suka aika wa ba, wani mutum dabam suka roƙa ya isar da saƙonsu, amma takardar ta faɗa hannun Jones, ya buɗe ya karanta. Me ke ciki? Gaisuwa. A gaida wane, a gaida wance, suna bayan suna, gandu bayan gandu, a gaya wa Clarissa uwarta da ubanta suna gaishe ta da mijinta da yara. A tsakiyar gaisuwar kuma, a shaida wa 'yan'uwa cewa Jane ta rasu. Ranar da na fara karanta ta, wasiƙunmu na ranar Lahadi ne suka faɗo mini a rai, tsarin ɗaya ne, gaisuwa ta cika shafi, maganar da ke cin zuciya tana layi guda. Jones ya rubuta wa ɗansa yana fushi cewa an yaudare su a cinikin. Wasiƙar Phoebe kuwa aka ajiye ta cikin takardun gidan, shi ya sa ta kai zamaninmu. Wani masanin tarihi, Erskine Clarke, ya bi diddigin waɗannan iyalai baƙaƙe da farare tare a littafinsa Dwelling Place na 2005, ga wanda yake son ƙarin bayani.

Na ga wasu suna girgiza kai suna cewa kai, Turawa. To, Hausawa sun ce laifi tudu ne. Mu ma nan muna da kalmomin rinji da gandu da murgu da cucanawa, ba daga Turanci muka aro su ba. Yawancinmu mun karanta Shaihu Umar a aji, mun san yadda aka yi da uwarsa. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta labarinta aka buga a 1954, ta bayyana rinjin gidansu, yadda bayi suke aikin gandun ubangiji zuwa azahar, suna kuma da 'yan gonakinsu na kansu. Ban ce bautar nan da ta can ɗaya ba ce. A nan ba a ɗaura ta a kan launin fata ba, ɗan da ƙwarƙwara ta haifa wa ubangijinta ɗa ne mai gado, bayin sarki kuma sun riƙe manyan sarautu. Amma wanda aka kama a harin bayi aka raba shi da uwarsa, wannan bambanci bai share masa hawaye ba. Dokar Turawa ta ce duk wanda aka haifa daga watan Afrilu na 1901 ɗa ne, bautar kanta kuwa sai a 1936 aka soke ta gaba ɗaya a Arewa. Ba da nisa ba ne, jama'a. Kakanninmu sun gani da idonsu.

Zan faɗi nawa, tunda ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Bayan rasuwar mahaifina, Allah ya jiƙansa, muka buɗe akwatinsa na ƙarfe, muka tarar da takardu na ajami da na Larabci, wasu duk gara ta ci gefensu. A ciki akwai takardar rabon gadon kakansa. An lissafa shanu da riguna da doki da littattafai, sa'an nan a tsakanin dokin da littattafan, sunayen mata biyu. Na kai wa wani baffana da ya rage, na karanta masa. Ya yi shiru, can ya ce, ta biyun ai ita ce ta haifi Iya. Iya wata tsohuwa ce da na tashi na tarar a gidanmu, ita ta goye ni, ita ke ƙulla mini ƙuli-ƙuli da yaji a tsumma duk ranar komawa makaranta. A kowace wasiƙar Lahadi sai na ce a gaida Iya. Ban taɓa tambayar yadda muke da ita ba, ba wanda ya taɓa gaya mini, ita ma har ta koma ga Allah ba ta ɗaga maganar ba. Kuma ina tuna wata rana a filin ƙwallon can na baya, muna aji biyu, na zagi wani yaro da kalmar da ta shafi asalin gidansu, kalmar da na ji a bakin manya. Bai rama ba, ya dai ɗauki takalmansa ya bar filin. Yana cikin wannan ɗaki yau. Ba zan kama suna ba, ya san kansa. Ɗan'uwa, ka yafe mini.

Na ga Sakatare yana duban agogo, bari in koma Jojiya in ƙarasa.

Yaƙin basasar Amurka ya ɓarke a 1861, lokacin bayin ƙasar sun kusa miliyan 4. Iyalin Jones duk suka goyi bayan kudu, Charles ƙarami ya zama hafsan sojan igwa, Joseph likitan soja. Tun 1862 bayin gundumar suka fara sulalewa da dare zuwa jiragen ruwan arewa da ke gaɓa, tsoho Jones kuwa, mai wa'azin nan, ya rubuta wa ɗansa yana kiransu maciya amana, don sun san kowace hanya da kowane rafi, za su iya yi wa abokan gaba jagora. Ya rasu a watan Maris na 1863 a Arcadia, bai ga ƙarshen abin ba. Matarsa ce ta gani. A watan Disamba na 1864 rundunar Janar Sherman ta iso gaɓar teku, mahaya suka riƙa shigowa Montevideo ƙungiya bayan ƙungiya suna kwashe abinci da dabbobi, na uwargida da na bayi duka. An kama surukinta, 'yarta kuma ga tsohon ciki, ta haihu a farkon Janairu sojoji suna zagaye da gidan. Uwa da 'ya sun rubuta abin da ya faru kullum, kuma duk abin da mutum yake ji game da su, sai ya tausaya musu a waɗannan shafuka.

Abin da ya fi ƙona wa Mary Jones rai bayan yaƙi ba asarar dukiya ba ce. Mutanen da ta yi imani suna ƙaunarta ne suka riƙa ɗaure kayansu suna tafiya, wasu ko sallama babu. Wasiƙunta na 1865 cike suke da kalmar butulci. Cato, wanda shekara da shekaru ake yabonsa da aminci, yanzu ta ce ya zama marar kunya, malalaci, shi ma kuma ya bar gandun. Waɗanda suka zauna suka ce sai an rubuta yarjejeniya, sai an biya lada, matansu kuma ba za su ƙara fita gona kamar da ba. Ta yi ta fama har shekara biyu da wani abu tana neman ta riƙe Montevideo da ƙwadago, ga bashi, ga rashin amfanin gona, abin ya faskara. Daga ƙarshe ta rufe gidan, ta bi 'yarta da surukinta zuwa inda ya sami aikin limanci, ta rasu a can a 1869. Garin kuwa shi ne Niyu Olins, inda aka kai Phoebe shekara goma sha ɗaya kafin zuwanta.

Mai girma Shugaba, na ci minti biyar daga lokacin cin abinci, a yi mini afuwa.